Wayar da Ta Kai Kiɗan Yaya Ƙarshen Gona

A gidanmu da nisa ake auna kiɗa. Baba makaɗin gangar noma ne, haka mahaifinsa, a wani ƙauye da ke gefen Faskari. Duk gayyar da aka kira shi, kafin a sa galma a ƙasa sai ya tura mutum ɗaya can ƙarshen gona, ya tsaya a kan kunyar ƙarshe. Daga nan Baba ya buga taken kakanmu sau uku. In mutumin ya ji sosai, har ya rarrabe kowane bugu, sai ya ɗaga galmarsa sama a fara aiki. In bai ɗaga ba, a gasa fatar gangar a wuta, a ƙara ɗaure ta, a sake. Baba yakan ce manomin da ke can nesa ya fi kowa bukatar ganga, don shi ne ba mai ganinsa in gwiwarsa ta yi sanyi.

Mu biyu ne maza a gidan. Ni tun ina ƙarami aka gane ba makaɗi a jikina, domin in an ba ni ganga sai in hau kwance igiyoyinta in ga yadda aka ɗaure su. Aka ƙyale ni, na gama firamare, na koyi gyaran rediyo a Funtua, na buɗe ɗan shago a Kankara. Yaya shi ne magaji, kuma ya sha gyara. Baba ba ya yabo, gyara shi ne ƙaunarsa. Yaya zai yi kiɗan da manoma za su manta da yunwa, a dawo gida Baba ya ce masa ya riƙe gular ganga kamar mai tuƙa tuwo. Muna ganin abin kamar tsangwama, sai da aka daina muka san darajarsa.

A shekarun nan da kuɗin man fetur suka malalo cikin ƙasa, samari suka yi ta ajiye galma suna tafiya birni, su dawo da sabon babur da agogo da rediyo mai kaset. Yaya ya tafi Kaduna aikin masaƙa, can ya faɗa cikin wasu makaɗa masu wasa a otal, ya kama jita mai igiya huɗu masu kauri wadda ake ce wa bes. Da labari ya zo gida Baba bai yi faɗa ba. Ya daina gyara masa komai kawai. In Yaya ya zo hutu ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya amsa da mutunci kamar yadda ake amsa wa baƙo, ya tambayi hanya, ya ce madalla. Shekara huɗu ana haka, kuma na san abin yana cin Yaya ƙwarai.

Wata ranar kasuwa, damina ta zauna, ina ƙoƙarin ciro gidan zanzaro daga cikin rediyon wani Bafulatani, sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar shago. Yaya ya diro yana dariya, aka sauke doguwar jaka da wani baƙin akwati mai tsayin buhun gero, wato amfilifayar jitarsa da lasifikarta a haɗe. Ko ruwa bai sha ba ya fara zuba. Wani Alhaji, babban manomi a wajen Sabuwa, ya kira gayyar huɗa ranar Asabar, ya gayyaci Baba. Yaya ya biya ta gida ya roƙi a bar shi ya yi wasa a gefen ganga.

Na ce, "Mi Baba ya ce?"

Yaya ya gyara murya ya kwaikwayo shi. "Wanga abu naka, shina kai ƙarshen gona? To ba ni aiken kowa, ni za ni tahi can in tsaya da kaina. In bai kai ba, ka ɗauki abinka ka koma inda ka hito, kada in ƙara jin zancenshi."

"Kai kuma ka ce mi?"

"Na ce zai kai. Ba ga ka ba?"

Na tsorata, amma daɗi ya fi yawa. A rayuwata ba a taɓa sa ni cikin zancen kiɗan gidanmu ba sai ranar.

Muka tayar da ɗan janaretana a filin bayan shago, Yaya ya buga, ni kuma na yi ta ja da baya ina saurare. A kusa abin gwanin daɗi ne, har cikinka kake jinsa. Da na kai wajen kukar da ke bakin fili sai ya zama kamar ana daka a wata unguwa, kuma gonar Alhaji ta ninka filin nan sau uku ko fiye. Akwatin Yaya an yi shi ne don ɗakin rawa, iskar fili kuwa haɗiye shi take.

Amma ina da kayana. Ban da gyaran rediyo ina ba da hayar lasifika a biki da wa'azi. Ina da miksa mai ƙarfinta a ciki, wadda ake haɗa makirfo da yawa a jikinta ta tura su gaba ɗaya, da manyan akwatunan lasifika biyu da na sa kafinta ya ƙera mini da katakon maɗaci. Kafa huɗu ce da miksar, wato wuraren shigar da sauti, ɗaya ta daɗe da mutuwa, saura uku. Abin da ya rage shi ne yadda za a ɗauko muryar jitar daga akwatin Yaya a kai ta cikin miksa.

A nan ne na yi wautar da sai mai gyaran rediyon ƙauye zai yi. A lokacin, duk Alhajin da ya sayo rediyo sai ya kira ni in ja masa waya daga bayan lasifikar rediyon zuwa wata lasifikar a zaure, wata a cikin gida, don kowa ya ji labarai. Na yi wannan aikin a gidaje fiye da yadda zan iya tunawa, har hannuna ya saba, in an ce a raba murya sai ya tafi bayan lasifika da kansa. Na kwance murfin akwatin Yaya, na murɗa wayar fitila a ƙafafun lasifikar, na kai ɗaya bakin cikin kafar makirfo ta miksa. Na ce masa da gadara, "Buga mu ji."

Ya taɓa igiya ɗaya. Akwatunana suka yi wata ƙara kamar an yaga sabon yadi, allurar da ke auna ƙarfin sauti a miksa ta daki bango, sai shiru. Wani siririn hayaƙi ya fito ta ramukan murfi, da wannan warin da duk mai gyara ya sani, wanda ba ya bukatar a sa mita. Kafar makirfo an yi ta ne don ta karɓi raɗa, ni kuma na ɗura mata ƙarfin da ke girgiza lasifika.

Yaya ya dube ni ya ce, "Halan haka ake yi sannan ta kama?"

Na kashe miksar cikin kunya. Saura kafa biyu ke nan. Ɗaya ta makirfon Alhaji ce, don ya riga ya aiko cewa zai yi wa jama'a jawabi, kuma ba a hana mai gona magana a gonarsa. Jitar Yaya tana da kafa ɗaya tak, in na sake ƙona ta, kayan gyara sai Kano, Asabar kuwa jibi ce.

Na kori Yaya ya je ya ci abinci, na juya akwatin na zauna a gabansa. Sai a lokacin na kula da wata 'yar kafa a bayansa, can ƙasa kusa da fis, ƙura ta toshe ta, da ɗan rubutun Turanci da ke nuna layi ne mai fita. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce shekara biyu yana ɗaukar akwatin nan bai taɓa sa komai a wurin ba, ya zaci ta masana'anta ce. Ban yarda da rubutu ba, hayaƙin ɗazu ya koya mini hankali. Na zaro cikin amfilifayar gaba ɗaya, na bi wayar kafar da bakin sukundireba har inda ta samo asali. Ta fito ne daga gaba, bayan maɓallan gyara murya, kafin sautin ya isa manyan transistocin da ke ba shi ƙarfi. Bayan lasifika tukunya ce ake juye maka gaba ɗaya, wannan kuwa ludayi ɗaya take ɗebowa. Na tashi tsaye ni kaɗai a shago ina tafi.

Duk da haka ludayin ya fi ƙarfin kafar makirfo. Kowace kafa a miksata rami biyu gare ta, na makirfo da na layi inda nake sa rikoda, sai na zaɓi na layi. Na ajiye wayar fitila, na yanko gajeriyar wayar makirfo mai saƙar ƙarfe a ƙarƙashin roba, wadda ke kare sauti daga kwashe-kwashe, na liƙa mata fulogi a baki biyu da dalma. Na mayar da duk maɓallan miksa ƙasa gaba ɗaya. Na yi bisimilla na soka.

"Buga, amma a hankali."

Ya buga, shiru. Na fara murɗa maɓalli kaɗan-kaɗan, idona a kan allura. Sai ga ta tana tasowa daga cikin katakon maɗaci, murya mai kauri, tsaf, ba kuka ba yaga. Na ƙara. Kwanon rufin shago ya fara rawa, gwangwanin ƙusoshi ya taka da kansa ya faɗo daga kanta, rediyoyin mutane da ke jiran gyara suka hau karkarwa a jere. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya shigo da almakashi a hannu yana tambaya ko tirela ce ta shigo kasuwa. Ni da Yaya muka rungume juna muna tsalle, manya da mu, har wayar ta kusa zarewa.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka ɗora kaya. Muka bi ta Sheme, muka biya Faskari muka ɗauki Baba da gangarsa. Ya zauna a gaba, ko kallon kayan baya bai yi ba. Hanyar Sabuwa a damina kuwa sai wanda ya bi ta, rami da taɓo da saiwar itace, sau biyu muna sauka turi. Ni ina rungume da miksa a cinya kamar jariri, duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a haƙorina. A gidan Alhaji muka kwana.

Da sassafe gona ta cika. Galma ta fi ɗari, maza sun ɗaure ƙugu, mata sun kafa manyan tukwane a gefe suna tuƙa tuwon gayya. Baba ya zauna a ƙarƙashin wata tsamiya a bakin gona, ya ce daga nan ganga za ta tashi, daga nan kuma kowane kiɗa zai tashi, kada wani ya kai akwati tsakiyar gona ya ce ya yi dabara. Na jera akwatunan a gindin tsamiyar, na kai janareta nesa bayan wani shurin gara don kada ƙararsa ta dame mu, na haɗa komai yadda na yi a shago.

Ina ɗaga maɓalli sai akwatunan suka kama gurnani, wani dogon kuka mara yankewa. A cikin gurnanin kuma sai ga muryar wani mutum, tar, yana karanta gaisuwar masu saurare daga gidan rediyo. Gona ta kwashe da dariya. Wani tsoho ya ce ashe jitar ma labarai take yi. Yaya ya yi fari fat, Baba kuwa yana ta shafa fatar gangarsa kamar ba ya wurin.

Alhaji ya matso ya rage murya. "Malam mai rediyo, mi zai hana ka ja daga bayan lasihika, kamar yadda anka yi mini a gida? Ba ta taɓa ba ni matsala ba."

Na ce, "Alhaji, ka yi mini haƙuri, wannan hanyar ta riga ta ci mini kafa guda."

Na kwance fulogin. Jijjigar hanya ta ɓalle dalmar da ke riƙe da saƙar ƙarfen, wayar ta zama eriya tana kwaso duk abin da ke yawo a iska. Ƙarfen dalmata na gawayi ne, ba na lantarki ba, sai na ruga wajen mata na roƙi wuri a murhu. Wata dattijuwa ta matsar da itace tana cewa ta ga masu zuwa murhu neman ƙanzo, ba ta taɓa ganin mai zuwa da ƙarfe ba. Na tsugunna a hayaƙin har ƙarfen ya yi zafi, na dawo da gudu na liƙa, na hura, na soka. Gurnani ya ɗauke, mai gaisuwa ya koma gidansu.

Abu ɗaya ya rage. Na lura tun a shago cewa in Yaya ya murɗa maɓallin ƙarar akwatinsa, abin da ke zuwa mini a miksa ma ƙaruwa yake. Na san halinsa in ya tsorata. Na ɗauki gawayi na ja layi a jikin maɓallin, na ce, "Yaya, kada wannan ya wuce nan ko da mi ka gani. Kai dai ka yi kiɗa, ƙarfi nawa ne."

Baba ya miƙe, ya karɓi galma a hannun wani, ya saɓa, ya kama hanya. Ba ya sauri. Muka tsaya muna kallon farar rigarsa tana ƙanƙancewa a tsakanin dawar da ta kai gwiwa, har ya zama ɗan ɗigo a kan kunyar ƙarshe. Ya juyo ya fuskance mu. Maza fiye da ɗari suka zuba masa ido.

Yaya ya sa yatsa. Ban san abin da ya shirya bugawa ba, na zaci irin na otal ne. Sai na ji taken kakanmu yana fitowa daga igiyar ƙarfe, bugu bayan bugu, har da wurin da ganga ke numfasawa. Na ɗaga maɓalli a hankali, allura tana hawa, na tsayar da ita daf da jan layi. Ganyen tsamiya ya fara zubo mana a ka, na ji ƙasa tana motsi a tafin ƙafata, manoman da ke kusa suka fara gyaɗa kafaɗa ba su sani ba.

Ya gama na farko. Galma ba ta tashi ba.

Ya shiga na biyu, na ga hannunsa na hagu ya saki igiya yana lalubar maɓallin nan. Na kai masa duka a bayan hannu, ni ƙaninsa, a gaban jama'a. Ya mayar da hannun, amma ya ɗan yi tuntuɓe a wurin juyi kafin ya kama. Ya gama na biyu, ya gama na uku. Sautin ƙarshe ya tafi ya ɓace a cikin itatuwa.

Ɗigon nan fari bai ɗaga komai ba. Ya ɗan tsaya, sannan muka ga ya saɓa galma ya kamo hanyar dawowa.

Ban taɓa ganin tafiya mai tsawo irin wannan ba. Na duba allura, na duba waya, na duba fulogi, ina neman laifin da zan ɗora wa kaina, ban samu ba. Baƙin ciki ya cika ni har ina jin ɗacinsa a baki. Yaya ya cire maɗaurin jitar daga wuyansa, ya jingina ta da akwati, ya durƙusa yana jira. Ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "Ka yi ƙoƙari. Ba laihinka ba ne."

Baba ya iso, raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa. Ya tsaya a kan Yaya yana huci kaɗan saboda tafiya.

"A na biyu, wajen juyi, hannunka ya yi gaggawa," in ji shi. "Ka haɗiye bugu guda. Kakanka ba haka yake sauke shi ba. Kuma wa ya ce ka aje ta? Tashi ka sake."

Yaya ya ɗago kai. Bugu guda ɗaya tak da ya ɓace, Baba ya gane shi daga kunyar ƙarshe, ashe sautin ya kai.

Alhaji ya ce, "To Baba, mu hwara ko mu jira? Ba mu ga galma ba."

Baba ya dubi galmar da ke kafaɗarsa kamar ya manta da ita. Ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya a nan gindin tsamiya, ya miƙa wa mai ita, ya rataya gangarsa. Gona ta ɗauki sowa, galma ɗari ta faɗa ƙasa lokaci guda. Ganga ta shiga, bes ta bi ta a ƙasa, ni kuma ina tsugunne da yatsa biyu a kan maɓalli ina dariya ni kaɗai, hayaƙin murhu da gawayi duk a fuskata.

Har rana ta take ana huɗa, Alhaji ma ya manta da jawabinsa. Baba bai bar Yaya ya huta ba. Ya ce masa ya yi nauyi, ya ce masa ya shiga gaban ganga, ya ce wa ya koya masa tsayuwa a karkace haka kamar mai ciwon baya. Yaya yana bugawa hawaye na sauka a kan igiyoyin, bakinsa kuma ya ƙi rufuwa don murna, duk gyaran da aka yi masa sai ya ce, "To, Baba."